Koyar da kare da lada ba tare da bulala ba: tambayoyin da masu karnuka suke yawan yi

Jama'a tunda tambayoyin iri ɗaya ne suke ta dawowa, daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya a nan Garwa har masu kira daga Marwa da Ngaundere, bari in haɗa su waje guda in amsa, wanda ya karanta ya tura wa ɗan uwansa mai kare. Maganar da nake yi ita ce ta dresaj na gida, wato mai koyarwa ya zo har tsakar gidanka, kai da karenka da shi, kuma ana koyarwar ne da lada, ba duka, ba shaƙe wuya da sarƙa. Kare dai abin da ya biya shi shi yake maimaitawa, kuma a wannan aikin rabin koyarwar mutanen gida ake wa, ba karen ba. Wanda bai yarda da wannan ba gara ya riƙe kuɗinsa.

Tambayar farko kullum, musamman daga wajen dattawa: "Malam, wannan ba cin hanci ba ne? Sai na ba shi nama sannan zai ji magana?" Toh Alhaji akwai bambanci. Idan ka ɗaga nama yana gani sannan ka ce ya zauna, kullum haka, wannan kam cin hanci ne kuma ranar da ba nama a hannunka zai kalle ka ya wuce. Amma idan ya fara yin aikin sannan lada ya fito daga aljihu, wannan kuɗin aiki ne, kamar yadda kake sauka daga moto sannan ka biya mai moton, gobe ma in ya hango ka da gudu zai tsaya. Ai Bahaushe ya riga ya gane halin tun tuni, wai an ce da kare ana biki a gidansu ya ce mu gani a ƙasa. Kuma ba wani sabon yayi ba ne, wani masanin Amurka mai suna Skinner tun shekarun 1930 ya nuna da ɓeraye da tantabaru cewa dabba tana ƙara yin abin da ya jawo mata alheri tana rage wanda bai jawo komai ba, daga baya Karen Pryor da ta yi aiki da dabbobin teku a Hawayi a shekarun 1960 ta taimaka aka kawo dabarar cikin koyar da karnuka. Dabbar da take cikin ruwa ba ka da yadda za ka yi ka sa mata igiya ko ka zane ta, amma an koya mata aiki, to ina ga kare da yake bin ka ko'ina.

Sai a ce me ake ba shi. Je wajen mahauci ka sayi hanta ko huhu, a dafa ba gishiri ba magi ba komai, a yanka mitsi-mitsi kamar ƙwayar wake, a ɗan shanya ya sha iska don kar ya ɓata maka aljihu. Busasshen kifi ma yana yi sosai in ka cire ƙaya tsaf, mu da muke bakin Binuwai ba ma rasa shi. Dafaffen ƙwai ma yana yi. Dan Allah banda kilishi da tsire da balangu, na san su ne a kusa amma yaji da gishiri sun yi yawa, ga albasa da tafarnuwa waɗanda suke lalata jinin kare in sun taru. Banda cakulan, banda inabi, banda goro (eh, na ga masu gadi suna jefa wa kare guntun goro don wasa, abin da ke cikin goro ɗin ne dai ke cikin cakulan mai cutar da su), kuma dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Ladan duka kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini, in ya yi yawa a rage daga kwanonsa. Kuma ba abinci kaɗai ne lada ba, wani karen ƙwallo ya fi masa nama, wani jan tsohuwar igiya, wani a kwance shi ya zaga, ai karnukan da ke shinshinar kaya a filayen jirgi da yawansu da ƙwallo ake biyansu.

Yanzu ga inda mutane suke faɗuwa, lokaci. Kare yana haɗa lada da abin da ya yi a cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, in ya zauna ka tsaya lalube aljihu har ya miƙe sannan ka ba shi, miƙewa ka biya ba zama ba. Shi ya sa ake zaɓar kalma ɗaya gajera wadda za ta zama alama, ni "yauwa" nake sa mutane su riƙe, Turawa kuma suna da wani ɗan ƙarfe mai ƙara ƙyas amma bakinka ya isa. Kwana biyun farko ba ka koya masa komai, ka ce "yauwa" ka ba shi ƙwaya ɗaya, ka ɗan jira, ka sake, haka kamar sau 15 ko 20, har ka ga da ka faɗa kunnensa ya motsa ya juyo yana kallon hannunka. Daga nan kalmar ta zama alkawari, duk sanda ka faɗe ta dole lada ya biyo baya ko da kuskure ka faɗa.

Zama shi ne darasin farko don ya fi sauƙi. Ka riƙe ƙwayar hanta tsakanin babban yatsa da manuni, ka kai daidai hancinsa har ya fara shinshina, sai ka ɗaga a hankali zuwa saman kansa ta wajen baya, hancin zai bi hannun sama, gindin kuma da kansa zai sauka ƙasa. Da ya taɓa ƙasa, ba kafin ba ba bayan ba, "yauwa", ka buɗe hannu. In yana tsalle ka ɗaga hannun da yawa ne, sauke. In yana ja da baya ka yi a kusa da bango. Kar ka danna masa baya da hannu, kar kuma ka fara cewa "zauna, zauna, zauna" tun bai san me ake nufi ba, sai ya yi sau biyar ko shida lafiya sannan ka yi irin motsin da hannu wayam ba nama a ciki, ya zauna, ladan ya fito daga ɗaya hannun. Wannan matakin na cire nama daga hannu shi ne yake raba ka da cin hancin da muka faɗa, kuma da wuri ake yin sa, tun rana ta farko ko ta biyu. Sai daga baya kalmar ta shigo, ka ce "zauna" sau ɗaya, ka ɗan tsaya, ka yi alamar hannu. Kwanciya ma haka, daga zaune ka ja hannun ƙasa tsakanin ƙafafunsa na gaba sannan ka ɗan jawo shi wajenka.

Da wane yare? Kare ba ruwansa. A gida ɗaya a nan Garwa za ka ji maigida yana Hausa, uwargida Fulatanci, yara Faransancin lakwal, mai gadi kuma nasa daban, a Kusiri da Njamena ga Larabci ya ƙaru. Ku zauna ku zaɓi kalma ɗaya ga kowane aiki, a rubuta a manna a bango in ta kama, kowa ya riƙe ita. Masu cewa berje, wato babban karen nan na Turawa, sai da Faransanci ko Jamusanci yake ji, labari ne kawai.

"Har yaushe zan yi ta yawo da hanta a aljihu?" Ba har abada ba, amma kuma ba a yankewa rana ɗaya. Sabon abu ana biya kowane lokaci. In ya iya shi a tsakar gida, a zaure, a ƙofar gida, da safe da yamma, sai ka fara biya wani lokaci ka tsallake wani, ka fi biyan wanda ya yi da sauri, ka sa abubuwan yau da kullum su zama lada: ya zauna kafin a ajiye kwano, ya zauna kafin a buɗe get, ya zauna kafin a kwance igiya. Kira ne kaɗai nake cewa a riƙa biyansa da kyau har tsufan karen, saboda shi ne zai ceci ransa ranar da ya ɓalle ya nufi titi. Kuma dokar kira ɗaya ce, kar ka taɓa kiran kare ya zo sannan ka dake shi ko ka ɗaure shi nan take, ko da takalmin Hajiya ya cinye, in ka yi haka ka koya masa zuwa wajenka hatsari ne. Ka fara a kusa, taku biyu, ka ambaci sunansa ka ce "zo" kana ja da baya, ya iso ka ba shi uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya, ka sake shi ya koma wasa. A waje a yi da doguwar igiya mita 5 zuwa 10 har sai ya tabbata.

To ga babbar tambayar, wadda saboda ita ake jayayya da ni a majalisa: "Ni karen gadi nake so, in ba a dake shi ba ai zai zama rago." Wallahi wannan tunanin ya jawo cizon yara da yawa. Abin da ake yi shi ne a kulle ɗan kwikwiyo a keji ko bayan gida ba ya ganin kowa, a riƙa tsokanarsa da sanda, wasu har barkono suke zuba masa a abinci wai ya yi zafi, a ƙarshe me aka samu? Kare matsoraci wanda bai san bambancin ɓarawo da almajirin da ya zo bara ba, ko jikan maigida da ya zo hutu. Haushi in baƙo ya taɓa get da dare ba a koya wa kare shi, da shi aka haife shi, karen gida na gargajiya ma yana yi ba tare da an kashe ko dala ba. Abin da ake koyarwa shi ne ya yi shiru in ka ce ya isa, ya dawo in ka kira, ya koma wajensa in baƙo ya shigo, kuma waɗannan duka sai karen da ya yarda da kai. Masu cewa dole ka nuna masa kai ne shugaban garke, ka kayar da shi ƙasa ka danne, wannan magana ta samo asali ne daga kallon kyarketai da aka tara a gidan zu a Suwizalan a shekarun 1940, kuma David Mech, masanin da ya fi kowa yaɗa ta, shi da kansa ya fito a 1999 ya ce a daji garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya. A 2020 kuma masu bincike a jami'ar Porto ta Fotugal sun duba karnuka 92 daga makarantun dresaj daban-daban, waɗanda ake koya wa da tsawa da fizgar igiya sun fi nuna alamun damuwa har a yawunsu an ga sinadarin damuwa ya hau. Kwalar nan mai lantarki ta wuyan kare da ake tallarta a intanet, yankin Wales na Birtaniya ya hana ta tun 2010.

Ba wai an ce a bar kare ya yi abin da ya ga dama ba, a'a. In ya yi abin da ba ka so, tambayi kanka me yake samu a ciki sai ka toshe hanyar, sannan ka koya masa abin da zai yi a madadinsa. Yana daka tsalle a kan mutane yana ɓata musu shadda? Hankali yake nema, kuma tsawa da ture shi duk hankali ne a wajensa, sai ka juya baya ka harɗe hannu, ƙafafu huɗu na sauka ƙasa "yauwa" lada a ƙasa. Yana jan igiya kamar zai cire maka kafaɗa? Igiya ta miƙe ka tsaya cak, ta yi sanyi ku ci gaba, tafiyar ita ce ladan, ranakun farko za ka ji kamar ba za ku kai bakin layi ba amma haƙuri. Baƙi kuwa, ka shimfiɗa masa buhu ko tsohuwar tabarma a inuwa nesa da inda ake alwala da salla, ka riƙa jefa lada a kai har ya gane wajen yana biya, ka sa masa suna "wajenka", sannan a gwada da yaron gida yana ƙwanƙwasa get kafin a gwada da baƙon gaske. Awaki da kaji su suka fi wuya tunda bin abin da ke gudu a jininsa yake, a nan igiya dole, a fara daga nesa inda yana ganin akuyar amma bai haukace ba, ya kalle ta ya juyo ya kalle ka ka biya, ana matsowa kaɗan-kaɗan cikin makonni, kuma in ba kowa a gida a raba su, musamman lokacin da ragon layya yake ɗaure a tsakar gida.

Abu ɗaya da nake roƙo: kar a hukunta gurnani. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a matsa, in ka dake shi ya daina to ranar da abin ya ishe shi cizo zai yi ba sanarwa. A koya wa yara kar su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kar su hau bayansa, kuma ba a barin ƙaramin yaro da kare su kaɗai komai kirkinsa.

Shekaru kuwa, ɗan kwikwiyo daga sati 8 ana farawa, kuma lokacin da ya fi tsada a rayuwarsa shi ne daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ko 14, abin da ya saba da shi a nan cikin kwanciyar hankali, ƙarar moto, mace mai hijabi, mai babbar riga, mai sanda, jaki, janareto, ba zai dame shi ba in ya girma. Babban kare ma yana koyo, sai dai tsohon hali yana ɗaukar lokaci kafin ya fita. Darasi minti 3 zuwa 5 ya isa, sau biyu ko uku a yini, kafin cin abinci. A watannin Maris, Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40 a Garwa da Marwa da Njamena, bayan asuba ko dab da magariba kawai, kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, kuma ka ɗora bayan hannunka a kan siminti ko yashi, in ba ka iya jurewa ba shi ma tafinsa ƙonewa zai yi. Karen da ya ƙi cin lada ko ya ƙoshi ne, ko zafi, ko tsoro, ko ba shi da lafiya, a duba kaska da tsutsar ciki kafin a ce taurin kai ne.

Masu tambayar addini, ni ba malami ba ne, ku je wajen malamanku. Abin da kowa ya sani dai shi ne aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka koyar, hadisi kuma ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Ta ɓangaren aiki, wanda ba ya son yawu ya taɓa shi yana iya jefa ladan a ƙasa ko ya miƙa da dogon cokali, darasin bai canza ba.

Saura zaɓen mai koyarwa, tunda yanzu duk wanda ya taɓa riƙe berje sai ya buɗe shafi a Facebook ya ce shi gwani ne. Ka yi masa tambaya uku kafin ku yi ciniki: me kake yi in kare ya yi daidai, me kake yi in ya yi kuskure, kuma zan iya tsayawa in kalla? In ya ce ka shiga ciki ka bar su su biyu, ko ya fito da sarƙa mai ƙaya, ko ya yi maka alkawarin sati ɗaya kare ya zama soja, sallame shi da kuɗin moto. Masu cewa a kawo musu karen ya yi wata a wajensu, wani lokaci yana amfani amma ba ka ganin abin da ake masa, kuma sau da yawa ya dawo yana jin maganar mai koyarwa kai kuma ko kallo ba ka ishe shi ba, shi ya sa na fi son na gida, inda matsalar take a nan ake gyara ta, get ɗinku, awakinku, yaranku. Ranar darasi wanda yake ba karen abinci kullum ya kasance a wajen, ko yaron gida ne ko mai gadi, don sau da yawa Alhaji ne ya biya amma ba shi ke zama da karen ba. Mai koyarwa ya zo sau ɗaya ko biyu a sati ya bar muku aikin gida, in ba ku yi ba kar ku ga laifinsa. Kuɗi ku yi magana a fili tun farko, na zuwa ɗaya-ɗaya ne ko na wata, kuɗin mai a kan wa, kuma kar ka biya duka kafin ka ga darasin farko.

Kuma mai koyarwa na gari abin da zai fara nema shi ne karne na allura, wato ɗan littafin da likitan dabbobi ke rubuta allurar da aka yi wa karen. Ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara a duniya bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, galibi a Afirka da Asiya, yara ne da yawa a ciki, kuma in alamu suka bayyana kusan ba a tashi. A Njamena da aka yi gangamin yi wa karnuka allura a 2012 da 2013 cutar ta ja baya sosai a garin na wani lokaci, don haka allurar tana aiki. Ɗan kwikwiyo yana wata 3 a kai shi wajen likitan dabbobi ko ofishin ma'aikatar kiwo a yi masa, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a karnen. Karen da ya taɓa cizon mutum, ko wanda halinsa ya canza dare ɗaya, likita zai fara gani kafin mai dresaj, kuma a koya masa sa takunkumi da lada, ana shafa ɗan abinci a ciki yana tura hancinsa da kansa. In kuma cizo ya faru, ko ƙarami ne ko yakushi, a wanke wajen da ruwa da sabulu minti 15 cur sannan a wuce asibiti a ranar, a ɗaure karen a sa masa ido kamar yadda likitan dabbobi zai faɗa, kar a kashe shi a jefar kafin a duba shi.